Babi Na Bakwai: Shayi Da Burodi Da Haruffan Da Ba A Faɗi

Ƙasar da ruwan Bakolori yake shayarwa, tun daga Maradun, a biyo ta Talata Mafara, a gangaro Bakura, ƙasa ce ta mutanen da suka san darajar ƙaramin daɗi. Rake mai sanyi da aka saro da hantsi. Dankalin da aka turbuɗa a rushi bayan an tashi aikin fadama. Hoce da ɗuminsa, fura da kindirmo, soyayyen kifin gulbi da yaji. Inuwar dogon yaro bayan azahar, a shimfiɗa tabarma a miƙe ƙafa. Da dare kuma a kewaye rediyo a ji labarin duniya, al'adar da ta kafu tun da BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, har yau kuwa wayar hannu ba ta kashe ta ba. Babu ɗaya cikin waɗannan da yake cin kuɗi mai yawa, amma a raba mutumin Bakura da su a ga abin da zai rage masa.

Akwai wani daɗin da ba a cika sa shi a wannan lissafi ba, ni kuwa ina ganin ya cancanta. Shi ne daɗin kama Turanci da laifi. Duk inda 'yan boko biyu ko uku suka haɗu a teburin mai shayi, malamin firamare ne, ko ɗalibin kwalejin Abdu Gusau da ke Mafara, ko na kwalejin aikin gona ta Bakura, ba a daɗewa wani zai jefo kalma. Ya ce a gaya masa dalilin da ya sa “read” ta yau da “read” ta jiya rubutunsu ɗaya, amma ta yau “rid” ce, ta jiya “red”. Wani ya ce ai wannan mai sauƙi ce, shi a yi masa bayanin yadda “well” ta zama rijiya kuma ta zama lafiya. Sai gardama ta kaure, shayi ya huce, har mai shayin da bai taɓa zama a aji ba ya sa baki: “Malam, wanga yare naku ba shi da alƙibla.” A yi dariya a watse.

Na ɗauki wannan dariya da muhimmanci, domin abin da ake yi wa dariya a teburin shayi shi ne yake sa yaro kuka a aji. Kalmomin su ne dai. A tebur an san laifin na Turanci ne, a aji kuwa yaro ake ɗora wa.

Mu fara da abin da ke kan teburin. Kalmar shayi ba daga Turanci ta zo mana ba, daga Larabci ta zo, asalinta kuma “ca” ce ta mutanen Sin, wadda ta biyo hanyoyin fatake ta tudu. Ita ma “tea” ta Ingila daga ƙasar Sin take, amma daga bakin mutanen gaɓar teku na lardin Fujian masu cewa “te”, 'yan kasuwar Holan suka ɗauko ta a ƙarni na 17. Ganye ɗaya, suna biyu, ɗaya ya biyo raƙumi, ɗaya ya biyo jirgin ruwa, suka haɗu a Bakura. Da ta shigo Nijeriya kuma sai “tea” ta sake hali. Yaro zai ce ya sha ta da safe alhali Milo ko Bournvita aka dama masa da madara, ko ƙwayar ganyen shayi babu. Mai shayi ya fi kowa tsare gaskiya a nan: ya san ruwan bunu, ya san haɗin kauri, ba ya haɗa musu suna, ba ya haɗa musu kuɗi. Sukarin da yake zubawa kuwa dangin “sugar” ne na jini, dukansu daga “sukkar” ta Larabci, wadda tushenta ƙasar Indiya. Sai dai Turanci ya rubuta tasa da “s”, yana faɗinta da “sh”.

Burodin da fulawa aka yi shi, kuma nan ne labarin ya fi armashi. Bahaushe yana kiran garin alkama fulawa, yana kuma kiran furen da ake shukawa don ado a ƙofar ofis fulawa. Malamin Turanci zai tsaya ya nuna wa ɗalibai cewa abu biyu ne, ɗaya “flour”, ɗaya “flower”, wanda ya musanya su ya faɗi. Gaskiyarsa, a yau haka dokar take. Amma a asali kalma ɗaya ce. Mutanen Ingila na da sun ari sunan fure daga Faransanci, suka riƙa kiran gari mafi laushi, wanda aka tankaɗe aka fid da tsaki da dusa, furen gari, wato zaɓaɓɓensa. Har lokacin da Samuel Johnson ya fitar da shahararren ƙamusunsa a 1755 bai raba su ba, rubutu ɗaya ya ba su. Daga baya ne rabuwarsu ta tabbata a takarda, a baki kuwa har gobe sautinsu ɗaya. Ke nan kunnen Bahaushen da ya ji su ya kira su da suna ɗaya bai yi kuskure ba ko kaɗan. Abin da aka faɗa ya ji, kuma abin da ya ji ya fi kusa da tarihin kalmar a kan abin da ke littafin aji.

Shi kansa abincin safen sun kira shi “breakfast”, karya azumi, ba nesa da karin kumallo namu ba. Amma yaron da ya tashi a gidan da ake azumin watan Ramadan ya san da magariba ake buɗa baki, ba da safe ba. Kafin ya gama warware wannan, a gaya masa “fast” ɗin nan ita ce kuma sauri, dabinon da zai buɗa baki da shi “date” ne, kwanan watan da malam ya rubuta a allo shi ma “date” ne.

Ranar Talata, ranar kasuwar Mafara, a zaga wajen 'yan gwari a ji sunayen da Turanci ya raɗa wa kayanmu. Gauta ita ce “garden egg”, ƙwan lambu, ba kaza ba zabuwa. Ayar da ake kunu da ita da zafin bazara “tiger nut” ce, ita da ba ta haɗa komai da damisa ba sai ɗan zanen jiki, kuma ba a reshe take 'ya'ya ba, a cikin ƙasa ake tono ta. Dankalin Turawa mun koya a makaranta cewa “Irish potato” ne, na ƙasar Ailan, alhali asalinsa duwatsun Andes ne a Kudancin Amurka. A nan kam mu ma da muka ce na Turawa ne ba mu fi su daidai ba.

Wani ruɗanin kuwa ba na dariya ba ne. Babbar hanyar da ta taso daga Funtuwa ta bi Gusau ta nufi Sakkwato ta ratsa Mafara, tankokin mai suna bin ta dare da rana, a jikin da yawansu an rubuta “highly inflammable” da jan fenti. An koya wa ɗalibi cewa “in” a farkon kalma korewa take yi: “correct” daidai, “incorrect” ba daidai ba. To, bisa wannan doka, rubutun jikin tankin cewa yake wannan kaya ba ya kama wuta. Nufinsa kuwa akasin haka ne, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Wannan “in” ɗin wata ce daban, ta harshen Latin, mai nufin sa abu cikin wuta. Su kansu masu harshen sun ga haɗarin, shi ya sa masu kula da rigakafin gobara a ƙasashensu suka fi son a rubuta “flammable” zalla. Mu da muka sha ganin yadda jama'a suke rugawa da jarkoki wurin tankin da ya faɗi, kamata ya yi a ce gargaɗin yana jikin kowace mota da Hausa, da boko da ajami.

Ɗalibin aikin gona shi ma yana da nasa rabon. A ce masa “seed” a gona zuba iri ne, “weed” kuwa cire ciyawa ne, kalmomi biyu masu kama, ɗaya sakawa ɗaya cirewa. Shuka “sow” ce, ɗinki “sew” ne, faɗinsu ɗaya. Gaɓar gulbin da yake kafa injin ban ruwa “bank” ce, inda zai je neman rancen sayen injin nan ma “bank” ne.

Tambayar da yaro mai kaifin hankali yake yi, idan ya ga “k” a goshin “knife” da “knee”, ita ce: “Malam, in ba a hwaɗinta, don mi anka rubuta ta?” Sau da yawa amsar da yake samu ita ce haka abin yake, ya haddace. Tambayar kuwa tana da amsa, kuma amsar tana da daɗin ji.

Rubutun Turanci tsohon gidan gado ne, kowane zamani ya zo ya ƙara ɗakinsa, ba wanda ya rushe na wani. Harsashin ginin na ƙabilun Angles da Saxons ne, da suka ƙetara zuwa tsibirin daga arewacin Jamus da Danmak a ƙarni na 5. Mutanen da suna faɗin waɗannan haruffa. Suna faɗin “k” a “knee”, suna faɗin “w” a “write”, ita kuma “gh” ta “night” da “light” wani sauti ne na cikin baki mai kama da “kha” ta Larabci. Har yau Bajamushe yana faɗin “k” ɗin a sunan gwiwa. Bakin mutanen Ingila ne ya yar da su sannu a hankali, alƙalami ya ƙi yarwa.

A 1066 William na Nomandi ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu kusan shekara 300, dubban kalmomi suka kwararo. Daga nan ne aka samu abin da yake ba mahauci mamaki: saniya tana tafiya “cow” ce, an yanka ta ta zama “beef”, tunkiya “sheep” ce, namanta “mutton”. Sunan dabbar na Turancin asali ne, sunan naman na Faransanci. Mu kuwa naman sa, naman rago, magana ta ƙare.

Sai na'urar ɗab'i. A 1476 William Caxton ya kafa maɗaba'a ta farko a Ingila, a Westminster, bayan ya daɗe yana zaune a Bruges, ƙasar da ke cikin Beljiyam a yau. Daga salon rubutun mutanen can ne “h” ta shigo “ghost”, ba ta da aikin komai sai zama. Abin da ya fi wannan girma shi ne, ɗab'i ya fara daskarar da rubutu a daidai lokacin da wasulan Turanci suke cikin wani babban sauyi, wanda ya ɗauki wajen shekara 300, daga misalin 1400 zuwa 1700. “Time” da ake faɗi “tim” da jan wasali ta koma “taim”. “House” da ake faɗi “hus” ta koma “haus”. Baki ya yi gaba, takarda ta tsaya inda take.

Kamar wannan bai isa ba, a wajen ƙarni na 16 malaman da suka ƙoshi da Latin suka shiga yi wa kalmomi ado don a ga asalinsu. Bashi a da “dette” ake rubutawa, suka cusa masa “b” ya zama “debt”, haka suka yi wa “doubt”. Tsibiri “iland” ne, suka ƙara masa “s” bisa zaton daga Latin yake, zaton kuwa ba daidai ba ne, kalmar ta Turancin asali ce. Wato “s” ɗin nan ta “island” kuskuren malamai ce, kuma fiye da shekara 400 ke nan ana kayar da ɗalibai a kanta. Daga ƙarshe Noah Webster ya fitar da ƙamusun Amurka a 1828, ya gyara wasu ya bar wasu, shi ya sa littafin makaranta yake cewa “colour”, wayar da ke aljihu tana cewa “color”.

Sakamakon duka wannan shi ne harshe mai sautuka wajen 44 da haruffa 26 kacal. Haruffa huɗun nan “ough” su kaɗai sun ishi mutum misali: a “though” o ne, a “through” u ne, a “tough” af ne, a “cough” of ne, a “plough”, garmar da manomin Bakura yake ɗaura wa shanu, au ne.

Yanzu a dubi inda yaronmu ya fito. Rubutun Hausar boko sabo ne, kuma da gangan aka tsara shi. Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, ya fitar da ƙa'idojin rubutu a 1912. A shekarun 1930, zamanin Rupert East a Zariya, aka tsayar da haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a 1939 ta yaɗa su. Wanda ya koyi haruffan Hausa, abin da ya gani shi zai faɗa. Da wannan kyakkyawan zato yaro yake shiga ajin Turanci. Kuma kada a ce bai san harafin da ba a faɗi ba. Ya san shi tun a makarantar allo: ya ga alifin da ke bayan wawun jam'i, ya ga lam ɗin da take ɓacewa a gaban haruffan rana. Sai dai can malaminsa ya nuna masa inda abin yake faruwa, doka ce mai tafiya daidai kullum. Abin da yake baƙo gare shi a Turanci shi ne harafi ya yi shiru babu wanda ya gaya masa dalili.

Tun kafin makarantu su yawaita a ƙauyuka da shirin ilimin firamare kyauta na 1976, Hausawa sun riga sun yi wa Turanci wani aiki babba, da kunne, ba da ido ba. Sojan da bai iya karatu ba ya ji ana kiran babban hafsa, ya ce kanar. Ya yi daidai, domin haka Turawan suke faɗi, da “r” ko abin da ya yi kama da ita, ko da yake a takarda “colonel” ce: rubutun ya biyo Italiyanci, faɗin ya biyo tsohon Faransanci. Ya ji “lieutenant” a bakin mutumin Ingila, ya ce laftanar, da “f” ɗin da babu ita a rubutu amma akwai ta a baki. Ɗan boko ne, da ya ga rubutun, yake tuntuɓe a kansu. Haka aka samu saje da kofur da samanja da bariki.

Aikin yana da ƙa'ida. Hausa ba ta son baƙaƙe su cunkushe babu wasali a tsakani, ta fi son kuma kalma ta ƙare da wasali. Sai ta buɗe su ta sa musu iska: burodi, bokiti, sukudireba, kwalbati, kwalta. Ba ta tsaya nan ba, ta ba kowace jinsi da jam'i irin na gida. Mota mace ce, jam'inta motoci, direba, direbobi, bokiti, bokitai. Da kamfanin Impresit na Italiya ya kammala madatsar Bakolori a 1978, kanal da famfo da tarakta da injiniya suka zama maganar yau da kullum a bakin manoman da ba su taɓa riƙe fensir ba. Mutanen da suka iya wannan ba za a ce kansu ba ya ɗaukar harshe ba.

Inda ake yawan yi mana dariya shi ne “p” da “f”. Dalilin a fili yake: Hausa sauti ɗaya gare ta a wannan gurbi, mu nan yamma ma mukan karkata shi zuwa “h”, Bakano ya ce tafi, Bazamfare ya ce tahi. Dole “fan” da “pan” su ba mu aiki. Irin aikin da kafa da ƙafa, da baki da baƙi, da fada da faɗa suke ba Bature ke nan. Kuma adalci ya sa a faɗa, Hausa ma tana da nata tarkon. Garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo rubutunsu ɗaya, kukan yaro da kukar miya sai an ji muryar mai magana, fari na launi da fari na rashin ruwa haka. Wanda ya yi ƙorafin “mouse” ta zama “mice” amma “house” ba ta zama “hice” ba, ya tuna baƙon da aka ce wa gida gidaje, doki dawaki, sarki sarakuna, takobi takubba.

Akwai kuma wuraren da Turanci yake da ƙarancin kaya. Mu muna da gobe, jibi, gata, citta, shi daga gobe sai ya shiga dogon kwatance. Kawu da baffa duk “uncle” ne a wurinsa, inna da gwaggo duk “aunt”, kai da ke da ku duk “you”. Ba shi da sannu, kalmar da muke miƙa wa mai aiki da mai ciwo da mai zuwa da mai zama, wadda ita kanta tana cikin daɗin rayuwar gari: ka wuce manomi a kuyya ka ce masa sannu da aiki, ya ɗago ya amsa. Saboda wannan giɓi ne 'yan Nijeriya suka lanƙwasa “sorry” da “well done” suna aikin sannu da su, suka kuma ƙirƙiro “next tomorrow” don jibi. An daɗe ana jan layi da jan biro a ƙarƙashinta. A watan Janairu na 2020 ƙamusun Oxford ya shigar da ita cikin kalmomi 29 na Turancin Nijeriya, tare da Kannywood. A farkon 2025 aka sanar da shigar “suya”, kalmar Hausa tsantsa, ko da yake abin da suke nufi da ita mu tsire muke ce masa, suya kuwa sai da mai a kasko. Kwabo ma tafiya ya yi ya dawo: “copper” ce Bahaushe ya ji ya ce kwabo, da aka sauya kuɗi a 1973 sunan ya hau kan kuɗin ƙasa, yau ga “kobo” a ƙamusun Turanci.

Ba zan rubuta babi a kan ƙananan daɗin wannan ƙasa in tsallake shekarar 2021 ba, domin ta taɓa ƙananan hukumomin nan duka uku. A Fabrairu aka kwashe 'yan matan makarantar Jangebe ta ƙasar Mafara. A Agusta aka shiga kwalejin aikin gona ta Bakura. A farkon Satumba aka sace ɗaliban makarantar Kaya ta ƙasar Maradun. A daidai wannan lokaci ne aka rufe kasuwannin mako-mako, aka katse layukan waya a faɗin Zamfara. Wanda ya ga Talata ta zo ta wuce babu kasuwa, ya kasa kiran ɗan'uwansa ya ji ya kwana lafiya, ba zai sake raina zaman shayi da hira ba. Kuma duk uban da ya mai da ɗansa ko 'yarsa makaranta bayan wannan ya yi jarumta, yaron da ya koma ma haka. Irin wannan yaro bai cancanci a tarbe shi da kunyatarwa a kan harafin da mutanen Ingila da kansu suka daina faɗi ba.

Ba cewa nake a sassauta koyon Turanci ba. Babu mai shiga jami'a a ƙasar nan sai da kiredit a cikinsa, kuma duk mai rubuta jarrabawar JAMB dole ya amsa shi. Yaran Bakura suna bukatarsa sosai, don haka nake son a koyar da shi ta hanyar da zai zauna. An yi zamanin da ake cin tarar yaro in ya yi Hausa a aji, ana kiran harshen uwarsa banakula, har yau kuma akwai inda ake yi. Abin da wannan yake haifarwa shi ne yaro mai shiru, ba mai Turanci ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yara da harshen gida a azuzuwan farko. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci shekara shida ana ba su Turanci a matsayin darasi, ya nuna ba su gaza takwarorinsu a Turancin ba.

Abin da malami zai iya yi ba ya bukatar kuɗi. Ya gaya wa ɗalibai gaskiya tun ranar farko: mafi yawan kalmomin Turanci suna bin doka, masu taurin kan ba su kai su yawa ba, sai dai su ne aka fi amfani da su kullum. Ya ce musu ranar Talata kowa ya samo kalma ɗaya mai ruɗani, daga kasuwa, ko jikin mota, ko kwalin magani, ko buhun taki. Washegari a zube su a allo a kasa uku: masu doka, a koyi dokar, masu tarihi, a ba da labarin da Hausa, waɗanda sai hadda, a haddace su babu jin kunya, yaran da suka saba da haddar allo ba wannan ne zai gagare su ba. Asalin kowace kalma yana cikin ƙamus mai kyau, yana kuma cikin wayar da ke hannun malam. Ko babu wanda ya kawo komai, kalmar farko tana nan a saman allo, domin ranar “Wednesday” ce, ga “d” a tsakiya ba a faɗi. Ragowar sunan Woden ce, abin bautar mutanen Ingila kafin su karɓi addinin Kirista. Tamu Laraba kuwa lissafi ce daga Larabci, rana ta huɗu, kamar yadda Talatar da ke cikin sunan Mafara take nufin ta uku.